Tarihin Da Ke Cikin Adakar Kakanninmu

Ranar da aka zauna raba gadon kakata, bayan an fito da tasoshi da fantekoki da tsofaffin zannuwan saƙi an jera su a tsakar gida, sai aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wadda tsatsa ta cinye kwaɗonta har sai da aka sa guduma kafin ta buɗu. Adakar ta mijinta ce, wato kakana, wanda ya riga ta rasuwa da shekaru masu yawa. Abin da aka tarar a ciki bai taka kara ya karya ba: wata lamba mai launin tagulla da siffar tauraro mai tsini shida, rataye da ƙyalle mai ratsin ja da shuɗi da ruwan lemo, sai wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa, da hoto guda na samari uku cikin gajeren wando. Malamin da ke rabon ya juya lambar a tafin hannunsa, ya tambaya ko zinariya ce. Da aka ce masa a'a, sai ya ce ba ta da ƙimar da za a sa ta a lissafi, duk mai so ya ɗauka. Babu wanda ya miƙa hannu. Ni ma na ɗauka ne kawai don kada yara su yi wasa da ita.

Sai daga baya na san cewa wannan lamba ita ce Tauraron Bama, wadda Ingila ta ba sojojin da suka yi mata yaƙi da Japan a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba Bamar Barno nake nufi ba, a'a, ƙasar nan ta gabashin Indiya wadda a yau ake kira Myanmar. Na juya bayan lambar ina neman sunan kakana, ban ga komai ba. Haka aka buga ta, babu sunan kowa.

Mai karatu, dalilin kawo wannan labari shi ne wata tambaya da ta daɗe tana damuna: me ya sa mutanen da ke da irin wannan adaka a ɗakunansu, kuma suna da yawa daga Sakkwato har Yola, ba sa ɗaukar abin da ke cikinta a matsayin tarihi, kuma me ya sa masu aikin tarihi a hukumance ba su cika zuwa neman ta ba?

Bari mu fara da abin da ya faru. A shekarar 1943 Turawan mulkin mallaka suka kafa runduna biyu daga sojojin Afirka ta Yamma, wato Runduna ta 81 da ta 82, suka kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama. An ƙiyasta cewa mutanen Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, daga Nijeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo da Gambiya, kuma wajen rabinsu 'yan Nijeriya ne. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya tun fil azal, har hafsoshin Turawa sukan koye ta don su iya magana da mutanensu. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, cikin ƙungurmin dajin da babu hanyar mota, inda abinci da harsasai sai dai jirgin sama ya jefo su da laima. Wata birged ta 'yan Nijeriya kuma aka ware ta aka haɗa ta da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa a bayan layin abokan gaba. Runduna ta 82 ta biyo baya ta yankin Arakan, kuma a watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Yawancin waɗanda suka tsira da rai ba su dawo gida ba sai a 1946.

To, ga abin mamaki. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san Barikin Dalet da Barikin Kalapanzin. Duk Bazazzage ya san Barikin Chindit da ke Zariya. A Ikko akwai Myohaung da Arakan da Tamandu, a Badun akwai Letmauk. Waɗannan sunaye duka daga Bama suka zo. Wasu garuruwa ne, wasu koguna, inda kakanninmu suka yi ɗauki-ba-daɗi, wasunsu kuma suka kwanta dama. Kalmar Chindit ma daga sunan wata dabba mai kama da zaki ta samo asali, wadda ake sassaƙa gunkinta a ƙofar wuraren ibadar mutanen Bama. Na shekara biyar ina wucewa ta gaban ɗaya daga cikin waɗannan barikoki a motar haya, ina jin kwandasta yana kiran sunansa, ban taɓa kawowa a raina cewa sunan yana da wata alaƙa da tsohon da ke ba mu gyaɗa a zaure muna yara ba. Na tambayi abokaina, cikinsu har da masu digiri biyu, wani ya ce sunan wani Bature ne, wani ya ce ai kalmar mutanen Filato ce. Ke nan muna da abubuwan tunawa a tsaye a tsakiyar biranenmu, amma mun manta yadda ake karanta su.

A ƙasashen da suka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci akwai fanni guda da ake koyarwa a jami'a, wanda za mu iya kiransa tarihin bainar jama'a, wato aikin fitar da tarihi daga aji da ɗakin karatu a kai shi inda mutane suke: gidan tarihi, allon bakin hanya, shirin rediyo, bikin tunawa, fim. An fara koyar da shi da wannan suna a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara a Amurka cikin shekarun 1970. Wasu malamai biyu na can, Roy Rosenzweig da David Thelen, sun yi hira ta wayar tarho da Amurkawa kusan 1,500, suka buga sakamakon a littafi a 1998. Abin da suka gano ya girgiza abokan aikinsu da ke ta kukan cewa jama'a ba su damu da tarihi ba. Ashe mutane sun damu ƙwarai, sai dai ba ta ƙofar da malamai ke tsammani suke shiga ba. Inda suka fi jin kusanci da zamanin da shi ne wurin taron dangi, inda kuma suka fi jin nisa da shi shi ne ajin makaranta. Da aka tambaye su wa suka fi yarda da shi, gidan tarihi ne ya zo na farko, bakin kakanni ya biyo shi, malamin sakandare da fim suna can baya.

Ba sai an yi irin wannan bincike a Kano ko Katsina ba kafin mu san cewa haka abin yake a wurinmu, watakila ma fiye. Bahaushe ba ya gajiya da maganar asali. Zauna a wurin zaman makoki ka ji yadda tsofaffi ke warware wane ya haifi wane, daga wane gari kakan wane ya taso, a shekarar wace yunwa aka yi ƙaura, wace rijiya ce wane ya haƙa. Wannan duka tarihi ne, amma da zarar ka ce wa mai maganar tarihi yake bayarwa sai ya yi dariya ya ce a'a, shi hira yake yi, tarihi ai na sarakuna ne da malamai.

Wannan fahimta ba daga sama ta faɗo ba, koya mana ita aka yi. Tarihin da aka rubuta mana, tun daga jerin sarakunan Kano har zuwa littattafan makaranta, labarin masu mulki ne: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza, ya rasu. Ban raina wannan ba, kuma ban raina aikin da aka yi na adana shi ba. Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, duk taskoki ne da ba a sayen irinsu da kuɗi. Amma a yawancin gidajen tarihin da na shiga a Arewa, talaka baƙo ne. Zai ga sulken sarki da alkyabbar sarki da hoton Gwamna, ya jinjina kai, ya fita bai ga ko inuwar kakansa ba. Wanda bai ga kansa a wuri ba kuwa, sau ɗaya yake zuwa, shi ma sai in makaranta ce ta kai shi. Ga shi kuma an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarun 2000, aka yi fiye da shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a 2022. Yaran da suka tashi a wannan tsakani ba su samu a aji ba, ba su kuma samu a zaure ba, domin zauren ma waya ta cinye shi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da kaka ya faɗa gaskiya ne tsantsa. A nan ne ma adakar ta koya mini darasi mafi ɗaci. Mu a gidanmu mun tashi da labarin cewa kakanmu sadauki ne, shi da kansa ya kai kansa soja, kuma ya kashe Japanawa ba adadi. Shi dai ban taɓa jin ya faɗi haka da bakinsa ba; abin da yakan ba mu labari shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga takalmi, da buhunan shinkafa da ke faɗowa daga sama. Iyayenmu ne suka ƙara gishiri. Da na zauna na karanta ɗan littafin nan, wanda ashe takardar sallamarsa ce, sai na ga an rubuta da Turanci cewa shi soja ne mara makami. Ma'ana, ɗan dako ne. Yana cikin dubban mutanen da aikinsu shi ne ɗaukar harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, su hau tsauni su gangara, su tsallaka kogi, babu abin kare kai a hannunsu sai adda.

Na yi kwanaki ban gaya wa kowa ba, don na ji kamar an rage mini wani abu. Amma da na ƙara karatu sai na fahimci cewa waɗannan 'yan dako su ne sirrin rundunonin biyu. Saboda su ne sojan Afirka ta Yamma ke iya ratsa inda mota ba ta shiga, inda ko alfadari sai ya turje. Hasali ma tambarin Runduna ta 82, wanda kowane soja ke ɗaure da shi a kafaɗa, māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da muka sani, na ɗaukar kaya. Ita kuwa ta 81 gizo-gizo ne tambarinta, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Ashanti, ko da yake ina kyautata zaton sojan Bahaushe da ya kalle shi Gizon Ƙoƙi ya gani. Da iyalina sun riƙe labarinsu su kaɗai, da mun ci gaba da riƙon ƙarya mai daɗi. Da kuma takardar ta tsaya a ofis ita kaɗai, da ba ta wuce layi ɗaya a rajista ba. Sai da aka haɗa su biyun mutumin ya fito.

Batun cewa shi ya kai kansa ma bai tsira ba. Ƙanwarsa, wadda ta kai tsufa sosai, ta gaya mini cewa an aiko wa dagaci ne ya ba da mutum kaza, shi kuwa ya zaɓi waɗanda ba su da mai tsaya musu, kakana kuma maraya ne. Wannan ya yi daidai da abin da masana suka rubuta game da yadda aka yi amfani da sarakuna da hakimai wajen ɗibar mutane, ba don soja kaɗai ba. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka tilasta wa dubun-dubatar talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Filato daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Su waɗannan ko lamba ba a ba su ba. Waɗanda suka sa kaki ma ba a yi musu adalci ba: bulala, wadda aka haramta yi wa sojan Ingila tun 1881, ta ci gaba da sauka a bayan sojan Afirka har cikin shekarun 1940, kuma wata takarda da jaridar Guardian ta Ingila ta fallasa a 2019 ta nuna cewa a kuɗin sallama ana ba farar fata mai muƙamin farabiti sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule 3 da sisi.

Ina jin wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka yi shiru. Labari ne da ba ya yi wa kowa daɗi gaba ɗaya. Bai yi wa Turawa daɗi ba, bai yi wa jikokin masu ɗibar mutane daɗi ba, bai kuma dace da labarin 'yan kishin ƙasa ba, tunda yaƙin wani aka je yi. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ma an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba an mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma wannan yana da hujjarsa, sai dai ya ƙara tura mutanen Bama can ƙuryar ɗaki. Akwai 'yan kaɗan da sunansu ya tsira, kamar Chari Maigumeri, mutumin Barno da ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kama shi, ya koma wajen Ingilishi, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, wanda yanzu barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Akwai Isaac Fadoyebo, wanda ya rubuta labarin yadda wasu mutanen ƙauye a Bama suka ɓoye shi watanni yana jinyar harbi, har ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim a kansa a 2011 da littafi a 2014. Akwai marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, da ya gina ƙagaggen labarinsa na 2007 a kan abin da ya ji daga mahaifinsa. Duka da Turanci. A harshen da aka yi wa waɗannan sojoji fareti da shi, abin da talaka zai ɗauka ya karanta ko ya saurara bai kai ya kawo ba.

Alhali kuwa mun san ana iyawa, don an taɓa yi a nan. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa da Hausa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, amma har gobe duk mai son sanin yadda matan Hausa suka ga harin bayi da zuwan Turawa da aure da kishi sai ya bi ta kanta. A Afirka ta Kudu, gidan tarihin unguwar District Six da aka buɗe a Kef Tawun a 1994 ya shimfiɗa taswirar unguwar a daɓe, mutanen da gwamnatin wariyar launin fata ta kora suka riƙa zuwa suna durƙusawa suna rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a da. A Turai kuma, gabanin cika shekara 100 da Yaƙin Duniya na Ɗaya, an riƙa sa rana a ɗakunan karatu na garuruwa, kowa ya kawo wasiƙa ko hoto ko lambar kakansa, a ɗauki hotonta, a rubuta labarinta, a mayar masa da abinsa nan take.

Wannan na ƙarshe, wato mayar wa mutum kayansa, shi ne ginshiƙi, kuma na faɗi haka ne da ciwo a raina. Hoton nan na samari uku ba ya hannuna yanzu. Wani mai bincike daga wata cibiya ya karɓa aro da alkawarin mako biyu, yau shekaru ke nan. Duk wanda ya yi yawon neman tsofaffin takardu a ƙasar Hausa ya san irin kallon da magada ke yi wa baƙo mai jaka, kuma ba su yi laifi ba, an sha su sun warke. A da ana iya cewa babu na'ura. Yanzu kuwa wayar da ke aljihun ɗalibin sakandare ta isa ta ɗauki hoton takarda ta kuma naɗi muryar tsohuwa. Abin da ya rage shi ne sassan tarihi na jami'o'inmu da gidajen tarihi na jihohi su fita su sa irin wannan rana a hedikwatar ƙananan hukumomi, a yi shela a rediyo da masallatai da majami'u, su kuma ajiye abin da aka tara inda mai shi zai iya zuwa ya gani ba tare da ya kawo takarda daga wani babba ba. Rundunar soja ma ba za ta yi asarar komai ba in ta kafa allo a ƙofar Dalet da Chindit, da boko da ajami, mai layi biyar da ke bayyana inda sunan ya fito da su wa suka je can.

Lokaci kuwa ya riga ya ƙure. Wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18 ya cika shekara 100 a 2025. Su kansu mazan jiyan kusan duk sun tafi. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yansu da ƙannensu da matan da suka aura bayan sun dawo, su ma kullum sai an yi jana'izar wani. Ƙanwar kakana minti arba'in kacal na samu na naɗa daga bakinta, na ce zan dawo bayan salla, ban sake ganinta ba.

A cikin wannan minti arba'in ta ambaci wani abokinsa da suka tafi tare daga ƙauye ɗaya, wanda ruwa ya ci wajen tsallaka wani kogi, kuma ta ce kakana bai daina yi masa sadaka duk Juma'a ba har ya rasu. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma, kuma hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa jerin sunayen a intanet. Na shiga na nema. Sai dai a wancan zamani magatakardan soja sunan yanka da sunan gari kawai yakan rubuta wa mutum, don haka na tarar da mai irin wannan suna fiye da ɗaya, kowanne da lambarsa da ranar mutuwarsa. Lambar ce za ta raba gardama, ita kuwa in tana nan, tana cikin wata adakar a ƙauyenmu, a gidan da har yanzu ban gano ko su wane ne magadansa ba.